Ta yaya DNA yake kwafar kansa alhali ba shi da ido?

Ƙanwata, tambayarki ta iso, ga ta kamar yadda kika rubuto: "An koya mana cewa DNA ɗin ɗan Adam haruffa ne sama da biliyan 3, kuma duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe su kaf. Abin da ba shi da ido, ba shi da hankali, ta yaya yake sanin harafin da zai sa a kowane wuri? Kuma da gaske ne ba ya kuskure?"

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, har yau kuwa idan na zo kansa sai in ji kamar ranar na fara jinsa. Babu wani abu a cikin ƙwayar da ya san komai. Siffa ce take yin aikin. DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwaya, zare biyu ne a haɗe, kowane ɗaya yana ɗauke da sawun ɗan'uwansa, har ta kai idan ɗaya ya rage a hannunki za ki iya sake fitar da ɗayan ba tare da kin taɓa ganinsa ba. Batun kuskure kuwa, yana yi, da yawa ma. Abin da ke sa mu ga kamar ba ya yi shi ne gyaran da ke biye da shi a baya.

DNA abu ne da za ki iya gani da idonki. Ki kurkure baki da ruwan gishiri na kamar minti 1, ki zuba a ƙaramar kwalba, ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan ki juya a hankali, sannan ki tsiyaya sifirit mai sanyi ƙwarai ta gefen kwalbar yadda zai kwanta a saman ruwan. Bayan 'yan mintoci, daidai inda ruwan biyu suka haɗu, za ki ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa sili-sili kamar yanar gizo-gizo, da 'yan kumfa maƙale a jikinsa. Sabulu ya fasa fatar ƙwayoyin da suka fito daga kumatunki, sifirit kuma ya tilasta wa DNA fita daga ruwa. Ɗalibaina kan yi tsit idan suka ɗago shi a bakin tsinke. Irin wannan abu ne Friedrich Miescher, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, ya fara tsamowa a 1869 a garin Tubingen na Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya. Bai san cewa gadon halitta ne ya riƙe a hannunsa ba, kuma sai da aka shafe shekara 75 kafin Oswald Avery da abokan aikinsa su nuna, a 1944, cewa wannan sinadari ne ke ɗauke da gado. Kafin nan yawancin masana suna zaton furotin ne ke ɗauke da gadon, don suna ganin abu mai haruffa 4 kacal ya yi ƙaranci ya ɗauki bayanin mutum guda.

Ki ɗauki tsani a zuciyarki, irin mai laushi da za a iya murɗawa. Sandunan gefe biyu an yi su da abu biyu da ke bin juna ba canji: sukari, fosfet, sukari, fosfet, har ƙarshe. Sukarin nan sunansa diyoksiraibos, yana da ƙwayoyin zarra na kabon guda 5, kuma ba wani bayani a cikin waɗannan sanduna, riƙo ne kawai aikinsu. Bayanin yana cikin matakala. A jikin kowane sukari akwai wani sinadari mai naiturojin da ya miƙo zuwa tsakiyar tsanin, kuma iri 4 ne: adenin, tayamin, guwanin da saitosin. Su ne haruffan da kike ji, A, T, G da C. Sukari ɗaya da fosfet ɗaya da harafi ɗaya, su ake kira nukiliyotaid, tubalin ginin ke nan. Kowace matakala haruffa biyu ne, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, sun haɗu a tsakiya. Sai ki murɗe tsanin ta dama, yadda zai cika zagaye ɗaya bayan matakala 10 da ɗan wani abu. Faɗinsa nanomita 2 ne, tsakanin matakala da matakala kuma nanomita 0.34. Nanomita ɗaya shi ne idan aka raba milimita gida miliyan 1.

Ki yi wannan lissafi da kanki. Kin gaji matakala sama da biliyan 3 daga mahaifiya, wasu sama da biliyan 3 daga mahaifi, jimla sama da biliyan 6 a cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Ki ninka da 0.34, za ki samu kusan mita 2. Zare mai tsawon mita 2 ke nan a cikin cibiyar ƙwaya ɗaya, cibiyar da faɗinta bai kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Yana shiga ne domin an naɗe shi a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin ƙwarƙwaro, sannan aka sake naɗe naɗin.

Yanzu ga zuciyar tambayarki. A ba ya haɗuwa sai da T, G kuma sai da C. Yawanci nan ake tsayawa a ce wa ɗalibi ya haddace, ni kuwa ina ganin wannan tauye masa haƙƙi ne, domin dalilin ya fi dokar daɗi. Dalili na farko girma ne. A da G manya ne, kowanne zobe biyu ne a manne. C da T ƙanana ne, zobe ɗai-ɗai. Faɗin tsanin ba ya canzawa, don haka kowace matakala sai ta zama babba ɗaya da ƙarami ɗaya. Manya biyu za su bankare sandunan, ƙanana biyu kuma ba za su kai ga juna ba. To ai kina iya cewa A babba ne, C ƙarami ne, me ya hana su? Nan dalili na biyu ya shigo. A gefen kowane harafi, ɓangaren da ke fuskantar tsakiya, akwai wuraren da ke miƙo ƙwayar haidurojin da wuraren da ke karɓa. Inda A ya miƙo, T yana karɓa, inda T ya miƙo, A yana karɓa, sai a samu ɗauri 2. G da C nasu ɗauri 3 ne. Idan kika kawo A gaban C, mai miƙowa zai fuskanci mai miƙowa, mai karɓa ya fuskanci mai karɓa, kamar mutum biyu da kowa ya miƙo wa ɗan'uwansa kaya a lokaci guda, ba mai hannun amsa. Ba abin da zai kama. Abin da ya fi burge ni shi ne matakalar A da T da matakalar G da C girmansu da siffarsu kusan ɗaya ne sak. Shi ya sa haruffa za su iya jeruwa ta kowane tsari, ko wane irin saƙo suke ɗauke da shi, tsanin bai kumbura ba bai tsuke ba.

Ɗaurin haidurojin ba shi da ƙarfi, ɗaya tak ba ya riƙe komai. Amma yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Dubban matakala a jere, ga kuma haruffan da suka kwanta shimfiɗe bisa juna kamar tarin kwabbai suna manne wa na sama da na ƙasa, sai tsanin ya tsaya daram. Wannan mannewa ta sama da ƙasa ma ta fi ɗaurin haidurojin taimakawa wajen ƙarfin ginin, ko da yake ba a cika faɗa ba. Raunin ɗaurin tsakiya kuwa shi ne amfaninsa. Sandunan gefe an ɗaure su da ɗauri mai ƙarfi don kada tsarin haruffa ya wargaje, tsakiya kuma mai saurin buɗewa ce kamar zik. Idan kika ɗumama DNA ya kai digiri 95 a ma'aunin Salshiyos, zaren biyu za su rabu, kowanne lafiya lau. Idan ya huce, za su lalubo juna su koma. A kan wannan aka gina gwajin PCR, hanyar ninka guntun DNA a ɗakin bincike, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983: a ɗumama, a sanyaya, a kwafa, a maimaita. Zagaye 30 ya isa ya mayar da guntu ɗaya ya zama kimanin biliyan 1.

Yadda aka gano wannan haɗuwa ya cancanci ki sani. A wajajen 1950 Erwin Chargaff, a jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya auna haruffan a halittu daban-daban, ya tarar ko'ina yawan A daidai yake da na T, yawan G daidai da na C. A jikin mutum A da T kowanne kusan kashi 30 cikin 100 ne, G da C kowanne kusan kashi 20. Ya ga adadin, bai ga siffar da ta haifar da shi ba. A Landan kuma Rosalind Franklin tana harba hasken eksire a kan zaren DNA, tare da ɗalibinta Raymond Gosling. A watan Mayu na 1952 suka ɗauki hoton da aka sani da lamba 51, wanda baƙaƙen ɗigo suka jeru a kansa kamar alamar gicciye, shaidar cewa abin murɗaɗɗe ne. Ita ce kuma ta dage cewa fosfet yana waje, haruffa suna ciki. James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, sun ga alƙaluman da ta auna ba da saninta ba, Watson kuma ya ga hoton. Watson ya yanka siffofin haruffan da kwali yana jujjuya su a kan teburi, yana ta haɗa A da A, G da G, abin ya ƙi. Sai wani masanin sinadarai da suke ofishi ɗaya, Jerry Donohue, ya gaya masa cewa littattafan da yake dubawa sun ajiye wasu ƙwayoyin haidurojin a wurin da ba nasu ba. Da ya gyara kwalayen, a ƙarshen Fabrairun 1953, sai ya ga A da T sun zauna, G da C sun zauna, kuma siffarsu ɗaya. Nan take adadin Chargaff ya samu bayani. Takardarsu ta fito a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu, 1953. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel kuma ta zo a 1962 ga Watson da Crick da Maurice Wilkins, abokin aikinta a Landan. Duk inda zan ba da wannan labari sai na sa sunanta a gaba, domin ba don ma'auninta ba da kwalin bai kai su ko'ina ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage a siffar, wanda ɗalibai ke tsallakewa, daga baya ya zo ya ɗaure musu kai. Kowane zare yana da kai da gindi. An ba ƙwayoyin kabon na sukarin lamba daga 1 zuwa 5, kuma fosfet yana haɗa kabon na 5 na wani sukari da kabon na 3 na maƙwabcinsa. Don haka ɗaya bakin zaren yana ƙarewa da kabon na 5, ɗaya bakin da kabon na 3. Zaren biyu kuma ba fuska ɗaya suke kallo ba. Inda wannan ya sa bakinsa na 5, ɗayan bakinsa na 3 ne a wurin, kamar mutum biyu da suka kwanta kai da ƙafa. Ba haka kawai ba ne, haruffan ba sa fuskantar juna daidai sai zaren sun saɓa. Ki riƙe wannan.

To, ki buɗe zik ɗin. Idan zare ɗaya yana ɗauke da A, T, G, G, C, babu abin da zai zauna a gabansa sai T, A, C, C, G. Ɗayan kuma, mai T, A, C, C, G, zai jawo A, T, G, G, C. Tsani ɗaya ya zama biyu iri ɗaya, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo. Watson da Crick sun hango haka, har suka yi nuni da shi a jimla ɗaya a ƙarshen takardarsu. Amma hange daban, shaida daban. Wasu masana sun ce wataƙila tsohon tsanin yana zama yadda yake a yi sabo fil a gefe, wasu sun ce wataƙila guntu-guntu ake cakuɗa tsoho da sabo. Matthew Meselson da Franklin Stahl ne suka raba gardama a 1958, a Kalifoniya, da gwajin da ban san wanda ya fi shi tsabta ba. Sun raini bakteriya a cikin naiturojin mai nauyi, mai lamba 15, har duk DNA ɗinsu ya yi nauyi. Sai suka mayar da su cikin naiturojin na yau da kullum, mai lamba 14. Suka riƙa ɗibar DNA suna juya shi a na'ura mai tsananin gudu cikin ruwan wani gishiri mai nauyi, inda kowane abu ke tsayawa a matsayin da ya dace da nauyinsa. Bayan rabuwa ɗaya, layi ɗaya tak ya bayyana, a tsakiya, ba mai nauyi ba ba marar nauyi ba. Wannan ya kashe zancen cewa tsoho yana zama shi kaɗai. Bayan rabuwa ta biyu, layi biyu suka fito, ɗaya a tsakiya ɗaya marar nauyi, wanda ya kashe zancen cakuɗa. Gani ya kori ji.

Haruffa dai ba sa jeruwa da kansu cikin sauri da tsari. Akwai ma'aikata, furotin ne da ake kira inzayim. Helikes yana hawa zaren yana tsaga tsakiya, sai a samu wuri mai kama da mararraba. Wasu ƙananan furotin suna kama zaren da aka buɗe don kada su koma su manne. Ki gwada ɗaukar igiya mai tufka biyu, ki ɗaure ƙarshenta, ki ja silin biyu daga ɗaya bakin. Za ki ga gaban igiyar yana ƙara murɗewa har ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Haka ke faruwa da DNA, kuma a bakteriya, inda ake buɗe haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa, murɗa 100 ke nan take taruwa kowace daƙiƙa. Maganinta wani inzayim ne, tofo'aisomares, da ke gaba yana yanke zaren, ya saki murɗar, ya sake ɗinkewa. Maganin ƙwayoyin cuta da ake kira sifurofuloksasin irin wannan inzayim na bakteriya yake riƙewa, ya hana shi ɗinke abin da ya yanka.

Babban magini shi ne folimares, wanda Arthur Kornberg ya fara gano irinsa a 1956. Siffarsa kamar hannun dama ne da ya riƙe zare, da tafi da yatsu da babban yatsa. Tubala suna yawo a cikin ruwan ƙwaya barkatai, suna faɗowa cikin tafin suna fita. Idan wanda ya faɗo ya dace da harafin da ke kan tsohon zare, matakalar tana cika gurbin daidai, yatsun su rufe, a ɗaure shi. Idan bai dace ba, yatsun ba sa rufuwa da kyau, sai ya zame ya fita wani ya gwada. Iyakar "sanin" ke nan, ƙanwata. Gwaji ne mai saurin gaske, gurbi kuma ba ya karɓar abin da ba siffarsa ba.

Folimares yana da nakasu biyu. Na farko, ba ya iya fara zare daga babu, sai dai ya ɗora a kan wanda aka fara. Don haka wani inzayim, firaimes, yake ajiye masa ɗan mafari na haruffa kamar 10, da RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, wanda daga baya za a cire a cike gurbinsa da DNA. Na biyu, ba ya ƙara tubali sai a bakin 3. Hanya ɗaya yake bi, daga 5 zuwa 3, ba ya juyawa. A bakin 3 akwai wani ɗan maƙali na oksijin da haidurojin, shi ne sabon tubali ke kamawa. Maganin AZT, na farko da aka amince da shi don ƙwayar cutar ƙanjamau a 1987, tubalin T ne na jabu da ba shi da wannan maƙali. Inzayim ɗin ƙwayar cutar ya ɗauke shi ya ɗaura, daga nan gini ya tsaya cik.

Kin tuna zaren biyu kai da ƙafa suke? Ga inda abin ya zo. A zare ɗaya, hanyar da folimares yake bi ita ce hanyar da mararraba take buɗewa, sai ya bi bayan helikes ya yi ta zarcewa. A ɗayan kuwa hanyarsa baya take komawa, tana nisantar mararraba. Ki ɗauka marubuci ne da ba ya iya rubutu sai daga hagu zuwa dama, takardar kuma ta gefen hagu ake warware masa ita. Dole ya jira a warware ɗan wuri, ya koma can hagu ya rubuto har ya iske inda ya fara ɗazu, ya ɗaga alƙalami, ya sake komawa sabon wurin da aka buɗe. Haka ake gina wannan zare, guntu-guntu, kowane guntu da nasa mafarin. Reiji Okazaki da matarsa Tsuneko Okazaki, a Nagoya ta Japan, su suka nuna haka a 1968, kuma sunansu guntayen suke amsawa. A bakteriya guntu yana kai haruffa 1,000 zuwa 2,000, a jikinmu 100 zuwa 200 ne kawai. Ki duba yawan haruffanmu ki ga miliyoyin guntaye nawa ke nan a rabuwa ɗaya. Bayan an cire mafarai an cike, inzayim laiges ya bi yana liƙe bakin kowane guntu da na gabansa.

Ɗalibi mai kaifin basira yakan tambaye ni me ya hana a samu folimares na biyu mai bin ɗaya hanyar, a huta da wannan wahala. Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin inda ƙarfin ɗaurin yake fitowa. Kowane sabon tubali yana zuwa da fosfet 3, biyu daga ciki suna ɓallewa su ba da ƙarfin da za a ɗaure shi. Wato mai shigowa shi ke zuwa da guzurinsa. Idan ya zama kuskure aka cire shi, na bayansa ma da nasa guzurin zai zo. Da ta ɗaya hanyar ake gini, da guzurin yana kan bakin zaren, kuma cire harafi ɗaya zai tafi da shi, gini ya mutu. Tafiya hanya ɗaya ita ce ta ba da damar gyara.

Saurin aiki kuma ya bambanta. Bakteriyar hanji da ake kira I-kolai tana da matakala miliyan 4.6 a zobe ɗaya. Daga wuri ɗaya take farawa, mararraba biyu su bi dama da hagu, su haɗu cikin kamar minti 40. Namu folimares a hankali yake, haruffa kamar 50 a daƙiƙa. Da wuri ɗaya yake farawa, da kuromosom ɗinmu mafi girma shi kaɗai zai ci kusan wata guda. Sai ƙwayar ta buɗe dubun-dubatar wuraren farawa, aikin ya ƙare cikin kamar awa 8.

Sauran rabin tambayarki, kuskure. Zaɓen siffa kaɗai yana barin kuskure kamar 1 a cikin haruffa 100,000. Za ki ce ai kaɗan ne. Amma zare biyu ake ginawa a kan matakala biliyan 6, haruffa sama da biliyan 12 ke nan, wato kuskure sama da 100,000 a rabuwa ɗaya. Babu jikin da zai rayu da haka. To folimares yana da wani aljihu na biyu mai yanka. Idan harafin da ya ɗaura bai zauna daidai ba, bakin zaren yana karkacewa, gaba ta ƙi tafiya, sai bakin ya zame cikin wancan aljihu a datse harafin, a dawo a sake. Wannan ya mayar da kuskure kamar 1 a cikin miliyan 10. Bayan ya wuce kuma wasu furotin suna bin sabon tsanin suna shafawa, duk inda suka ji ƙullutu sai su yanke wani yanki na sabon zaren a sake cikewa. Ta ina suke gane sabo da tsoho? A I-kolai tsohon zare yana da wata 'yar alama ta sinadari a kan wasu haruffan A, sabon kuwa bai samu tasa ba tukuna, a wannan ɗan tsakani ake gyaran. Paul Modrich ne ya warware wannan, kuma ya samu Nobel a 2015 tare da Tomas Lindahl da Aziz Sancar, duka a kan gyaran DNA. Bayan matakan nan 3, abin da ke tsira bai fi 1 a cikin biliyan 1 ba, 'yan kurakuran da za a ƙirga da yatsu a rabuwa guda. Iyalan da suka gaji rauni a wannan mataki na uku suna da haɗarin sankarar hanji fiye da sauran mutane, abin da likitoci ke kira ciwon Lynch.

Duk wannan gyara yana yiwuwa ne saboda zare biyu ne. Ko ba a kwafa ba, DNA yana lalacewa yana zaune. Lindahl ya nuna cewa dubban haruffa suna ɓallewa daga kowace ƙwaya kullum. Hasken rana yana manne T biyu da ke maƙwabtaka. C yakan rikiɗe ya zama wani harafi, yurasil, wanda na RNA ne. Da yake DNA ba ya amfani da yurasil, T ne a madadinsa, duk inda aka gan shi an san ɓarna ce, a cire. Kowane lokaci, idan an yanke ɓangaren da ya lalace, zaren da ke fuskantarsa ne ke faɗin abin da ya kamata ya koma wurin.

Wanda ya tsere wa gyara kuwa, a kwafi na gaba ya zama daidai a idon ƙwaya, domin zai samu abokin da ya dace da shi, ba ƙullutu ba alama. Yawancinsu ba sa yin komai. Wasu su ne tushen bambancin da ke tsakanin mutane. Wasu kuma suna da nauyi. Cutar sikila harafi ɗaya ce: a kan kuromosom na 11, cikin ƙwayar gadon da ke tsara wani ɓangare na furotin ɗin jan jini, inda ya kamata a karanta G, A, G sai aka samu G, T, G. Tubali ɗaya na furotin ya canza, furotin ɗin ya riƙa mannewa da juna idan oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Folimares yana kwafar wannan T da amanar da yake kwafar kowane harafi, daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Akwai wuri ɗaya da tsarin yake gazawa, can ƙarshen kuromosom. A zaren da ake ginawa guntu-guntu, idan aka cire mafarin ƙarshe babu wani zare a bayansa da folimares zai ɗora a kai ya cike gurbin. Don haka duk rabuwa bakin yana ɗan raguwa. Abin da ke kare mu shi ne ƙarshen kowane kuromosom ba ya ɗauke da saƙon furotin, haruffa 6 ne, T, T, A, G, G, G, ake maimaitawa sau ɗaruruwa har dubbai, ana kiran wurin telomiya. Su ake ci a hankali, kuma idan suka yi gajarta ƙwarai ƙwayar takan daina rabuwa. A 1984 Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano wani inzayim, telomares, mai yawo da ɗan guntun RNA nasa, wanda yake dubawa yana ƙara waɗannan haruffa 6 a bakin zaren. Yana aiki sosai a ƙwayoyin da ke samar da maniyyi da ƙwayoyin ɗan tayi na farko-farko, amma a yawancin ƙwayoyin jikin babba a kashe yake. Mafi yawan ƙwayoyin sankara sun sake kunna shi, shi ya sa suke ta rabuwa ba tare da bakin kuromosom ɗinsu ya ƙare ba.